Yatsun Gwaggo Haske

Garin Manzo, 12 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga taubashiyata Safi, a gidan likita na Gure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. An gama yankan hatsi, rumbuna sun ɗan cika bana, ba kamar shekarun nan da muka zauna muna jiran motar taimako ba. An buɗe lakwal, ina da yara hamsin da uku a kan benci goma sha ɗaya. An ce yanzu ke ce majo, shugabar masu jinya. Allah ya taya riƙo, ya kuma ji ƙan waɗanda za ki soka wa allura.

Na san za ki ce me ya tuna wa ɗan namiji da ɗiyar mace bayan shekara shida babu ko layi guda. Ki rama in mun haɗu. Yau dai damuwa ce ta kawo ni.

Maganar Gwaggo Haske ce, yayar babana. Kin tuna ta, ungozomar garin nan. Ita ta yanke mini cibiya, ita ta yanke wa fiye da rabin yaran da ke ajina. Tun bara ta fara kukan yatsu. Yanzu a gaɓar ƙarshe, wadda ke kusa da farce, wasu ƙulle-ƙulle sun fito mata biyu-biyu, kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin fata. Na taɓa su. Tauri gare su kamar ƙashi, ba sa motsi, babu ruwa a ciki. Manuniyar hannun dama ta karkace gefe. Da safe sai ta ɗan murza su kafin ta iya riƙe ludayi. Na ɗora hannunta a kan takardar kaye, littafin rubutun yara, na zagaya shi da fensir, na sa alama a duk inda ƙullin yake. Ga shi nan cikin ambulan. Ta ce mini, "Magagi, yau kuma hannuna za ka aika gabas? To ka ce su maido mini shi kafin bazara."

Dalilin da ya sa ta ambaci bazara, Dija matar ɗanta Kailu tana da ciki, bayan shekara bakwai ana jira. Gwaggo ta riga ta sayi sabuwar reza a kasuwar Lahadi ta Filingue, ta murza zaren ɗaure cibiya ta ajiye.

Amma mata sun fara magana a bakin rijiya. Kin san abin da mutanenmu ke tunani in yatsu suka fara lanƙwashewa. Ba a kiran sunan cutar a gaban manya, amma ke likita ce, bari in rubuta: kuturta. Haihuwa biyu aka yi watan jiya ba a kira ta ba, sai aka tafi har wani gari aka ɗauko wata. Idan maganar ta yi ƙarfi, ba za a bar ta ta karɓi jikanta ba, kuma ban san ko za a bar ta cikin gidan ba.

Ki gaya mini ko mene ne wannan. Ni abin da na sani a kan ƙashi bai wuce hoton da ke rataye a bangon aji ba.

Naki, ɗan'uwanki,
Magagi

*

Gure, 9 ga Nuwamba, 1986

Zuwa ga Mushe Magagi, malamin lakwal mai cin alli.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na kuma gode Allah da jin kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai ƙaramin da ke fama da tari. Na yafe maka shekara shida ɗin saboda hannun da ka zana. Ashe lakwal ta yi maka rana.

Ina rubutu a gaggauce. Kumandan mai mulkin yankin ya ba da umarni mu fita daji yin rigakafi jibi, kuma ka san ba a tambayar soja ranar dawowa.

Ga abin da na gani a zanenka. A kowace gaɓa, inda ƙashi biyu suka haɗu, akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Da shekaru da aiki, sai ya riƙa cinyewa. Idan ya cinye, sai ƙashin ya tsiro a gefe-gefe don ya tare gaɓar. Wannan tsiron shi ne ƙullin da ka taɓa, shi ya sa ka ji tauri, don ƙashi ne da gaske. Wani nau'in amosanin gaɓɓai ne, a littafinmu arthrose. Ya fi kama mata bayan sun daina ganin al'ada, kuma yana bin dangi. Yakan yi zafi lokacin da yake fitowa, daga baya zafin ya ragu, amma ƙullin ba ya komawa. Akwai wani amosanin da ya fi wannan muni, mai kumbura tushen yatsu da wuyan hannu, kumburi mai taushi, mutum ya kai hantsi hannu bai saki ba. In ka ga haka ka sanar da ni.

Abin da za a yi mata: a ware mata ƙwarya guda tata ita kaɗai, a zuba ruwan ɗumi kowace safiya ta tsoma hannuwanta tana motsa yatsun a hankali. A hana ta daka da jan guga. Kada wanzami ya taɓa wurin da aska ko ƙaho. Idan zafi ya yi yawa ta sha asfirin bayan ta ci abinci. A kai ta gidan likita na Filingue su duba ta, don ni zane na gani, ba hannu ba.

Batun kuturta kuwa, ban ga alamarta ba ko kaɗan a abin da ka faɗa. Kuturta tana kashe ji ne, mutum ya ƙone bai sani ba. Inna Haske kukan zafi take yi. Wannan ciwon nata ba a ɗaukarsa a hannu, ko a tuwo, ko a jikin jariri. Ka gaya musu haka.

Ka gaishe ta, ka ce hannunta yana wurina lafiya.

Taka,
Safi

*

Garin Manzo, 7 ga Disamba, 1986

Taubashiya Safi,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ba ƙaramin lafiya. Mu nan jiki lafiya, amma hankali ba kwance ba. Na yi ɓarna, kuma da takardarki na yi ta.

Hamani direba ya kawo ta ranar Litinin da la'asar. Kin san yadda ake yi a nan: takarda daga nesa ba ta mutum guda ba ce. Kafin in buɗe ta, tsakar gidan Kailu ya cika, har da maƙwabta, Gwaggo tana zaune a kan tabarma a tsakiya. Na miƙe kamar a gaban aji. Bayanin guringuntsi na yi shi da kyau, har na kama gaɓar yatsana ina nunawa, amma na ga idanunsu ba su tare da ni. Da na zo kan "a ware mata ƙwarya tata ita kaɗai", sai mata suka dubi juna. Na ce a hana ta daka. Na ce a kai ta Filingue. Sai idona ya sauka kan sakin layi na ƙarshe, na ga kalmar nan tsirara, ga Gwaggo a gabana, ga surukarta, ga maza. Bakina ya kasa. Na tsallake, na ce, "Tana gaishe ku duka." Na naɗe takardar ina cewa a raina zan gaya wa Kailu a keɓe.

Safi, kin daɗe da barin ƙasar Kurfai. A nan mutum guda ne ake ware wa ƙwarya, a hana shi taɓa turmi da gugar rijiya. Abin da suka ji shi ne likita ta tabbatar, ta dai saya saboda kunya.

Washegari da sassafe na sami Kailu na karanta masa abin da na tsallake. Ya ce, "Mushe, jiya ba ka ga wannan ba sai yau? Ka kwana ka ƙaro don ka sanyaya mini rai." Na nuna masa rubutun. Ya ce shi bai san baƙinki daga nawa ba. Na kai wa liman, shi kuma ajami yake karantawa. Duk garin ni kaɗai ne shaidar kaina.

Yanzu an kafa mata bukka a bayan rumbuna, wajen darni. Ba zan ce Kailu ya kore ta ba, kuka ma yake yi lokacin da yake kafa itacen. Abin da ya fi ba ni tsoro, ita da kanta ta ɗauki tabarmarta ta tafi, ba musu, ba tambaya, kamar wadda ta daɗe tana jiran ranar. Gwaggon da ta taɓa korar jandarma daga ƙofar ɗakin mai naƙuda!

Don Allah me ya sa kika ce ƙwarya tata ita kaɗai? Ko akwai abin da kika gani kika ɓoye mini? Ki rubuto da wuri.

Magagi

*

Garin Manzo, 18 ga Janairu, 1987

Safi,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Lahadi shida ke nan ina zuwa gidan waya na Filingue a kan keke, har mai rabon takardu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Sanyi ya yi ƙarfi, yatsun Gwaggo suna damunta ƙwarai. Ina kai mata ruwan ɗumi kafin in shiga aji. Ba ta bari in miƙa mata a hannu, sai in ajiye a ƙasa in ja baya. Na yi ƙoƙarin kama hannunta ranar nan, ta daka mini tsawa. Na ce mu je Filingue a duba ta, ta ce ba za ta shiga mota ta goga jiki da 'ya'yan mutane ba. Wanzami ya zo har sau biyu yana cewa zai fasa ƙullin ya fitar da mugun jini, na ce in ya taɓa ta sai mun je gaban kumandan. Shi ma yanzu ba ya gaishe ni.

Iyaye uku sun janye 'ya'yansu daga lakwal, wai mushe yana zuwa bayan rumbuna. Uwar Dija ta aiko daga Damana cewa ita za ta zo ta karɓi haihuwar, kuma kada tsohuwar ta kusanci ɗakin.

Idan fushi kike yi da ni, na cancanta. Idan kuwa shirun naki yana nufin abin da suke faɗa gaskiya ne, ki gaya mini kai tsaye. Ba yaro ba ne ni.

Magagi

*

Gure, 15 ga Fabrairu, 1987

Magagi,

Gaisuwa. Jiya muka dawo bayan wata uku a daji, na tarar da takardunka biyu a kan tebur. Ban ko wanke ƙafa ba na karanta su. Muna lafiya, ƙaramin ya warke.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Mutum mai koya wa yara karatu ya tsallake layin da ya fi kowane muhimmanci! Amma da na kwana na ga rabin laifin nawa ne. Na ce a ware ƙwarya don kawai kada a wanke hannu a wadda ake dama fura. A gidan likita haka muke yi da kowane kwano, har na manta abin da kalmar ke ɗauke da shi a gida. Kuma abin da ya kamata in fara da shi, shi na sa a ƙarshe. Babu abin da na ɓoye maka.

To yanzu ga shi a farko: Inna Haske ba kuturwa ba ce. Ga yadda za ka nuna musu, ba sai sun iya karatu ba. Ka samo auduga kaɗan. Ta rufe ido, wata mace da suka yarda da ita ta riƙa shafa audugar a kan yatsunta da tafin hannu da ƙafa, ita kuma ta nuna inda aka taɓa. Mai kuturta ba ya ji. Sannan mata su duba bayanta da cinyoyinta da rana, ko akwai tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi. Su dubi girarta ko ta zube. Ba za su sami komai ba.

Ka kuma gaya musu wannan, ko da ba su so ji ba: ko da kuturtar ce, yanzu tana da magani, ana warkewa, kuma wanda ya fara sha ba ya ba kowa. Ina da mutum tara da nake ba magani a nan, ina gaisawa da su hannu da hannu. Ba wanda ya kamata a kai bayan rumbuna.

Na zana maka nawa hannun a bayan wannan takarda. Dubi ɗan yatsan tsakiya, inda na sa alama. Bara ya fara fito mini, ina da shekara arba'in da bakwai. Kakata ma haka yatsunta suke, duka goma, ta mutu a Yamai tana da shekara tamanin, muna cin tuwo akushi guda da ita. Kakata kuwa ƙanwar uwar Inna Haske ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin gidanmu ne.

Abin da ban gane ba shi ne tafiyar da ta yi ba musu. Wannan ba halinta ba ne. Ka karanta mata takardar nan duka, kada ka bar ko wasali, sannan ka tambaye ta abin da ta sani da mu ba mu sani ba.

Safi

*

Garin Manzo, 8 ga Maris, 1987

Safi, gaisuwa. Na karanta mata duka, sau biyu. Ta daɗe tana kallon zanen hannunki. Sai ta ce in ɗauko alƙalami. Abin da ke ƙasa maganarta ce, yadda ta fito daga bakinta. Ni kaina ban taɓa jin wannan labari ba, ko daga babana.

Ɗiyata Safi, ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da ɗiyanki. Na ji saƙonki. Kin ce abin gidanmu ne. Na sani, shi ya sa na tahi.

Uwata Habsa, yayar kakarki, haka yatsunta suka yi. Ina da shekara goma sha biyar aka kafa mata bukka a gonar yamma. Kakarki lokacin ta yi aure nesa, ba a gaya mata ba, aka ce da ita ciwon ciki ne. Ni ke kai mata hura. In ajiye a gindin wata aduwa in buga ƙwaryar da kara, in koma nesa in tsaya. Shekara shida. Takan ce, "Haske, matso in ga kitsonki." Ban matsa ba. Ranar da aka kai ni ɗakin miji ta tsaya bakin gona tana kallo. Ranar da ta mutu mutum uku suka rufe ta can inda take, ba a kawo ta maƙabarta ba. Ni da na wanke jarirai sun fi ɗari biyar, ban wanke uwata ba.

Da nawa suka fito sai na ce to, an zo karɓar abin da na yi. Ban ga laifin Kailu ba.

Yanzu ga tambayata, kuma kada ki saya mini. Uwata har ta mutu yatsunta goma ne, ba wanda ya gutsure. Kullum kukan zafi take, musamman da sanyi. Tana kaɗi a bukkar, zarenta ya fi na kowa laushi, sai dai ba mai saye. In ƙaya ta soke ta, daga gindin aduwa nake jin tana tsaki. Ban ga tabo a fuskarta ba. Shin ita ma wanga ciwon nawa ne gare ta? Shin banza muka bar ta can?

Audugar da kika ce, ban yi ba tukuna. Sai na ji amsarki.

Haske

Safi, cikin Dija ya tsufa. Ki amsa ta hannun direba, kada ki bi ta gidan waya.

Magagi

*

Gure, 20 ga Maris, 1987

Zuwa ga Innata Haske. Magagi, ka karanta a hankali.

Inna, ina gaishe ki da girmamawa. Ina fatan zafin yatsun ya yi sauƙi da shigowar bazara.

Kin ce kada in saya miki, ba zan saya ba. Ban ga Iya Habsa da idona ba, kuma likita ba ya rantsuwa a kan wanda bai gani ba. Amma mai kuturtar da ta shekara shida ba magani ba ta kaɗa zare mai laushi, don ba ta jin zaren a yatsunta. Ba ta tsaki in ƙaya ta soke ta. Duk abin da kika faɗa, ciwon kakata ne, da naki, da nawa. A iya sanina, ba ta da kuturta. Da an bar ta cikin gida, ba wanda zai ɗauki komai.

Na san wannan ya fi ƙarya ciwo. Na yi kuka kafin in rubuta shi, don ni ma kakata ce.

Inna, shekararki goma sha biyar. Manya suka ce ki tsaya nesa kika tsaya, kuma ba wanda ya san abin da muka sani yau. Ke ce kuma kika kai mata hura shekara shida ba fashi. Ciwonki ba sakayya ba ne, gado ne, kamar tsawo da kalar fata.

Amma ga abin da nake so ki duba. Yau Kailu ne ke tsaye nesa. Idan kika zauna can har Allah ya yi ikonsa, wata rana wani zai gaya masa abin da na gaya miki yanzu. Ke kin san nauyinsa. Ke kaɗai za ki iya hana shi ɗauka.

Ɗiyarki,
Safi

*

Garin Manzo, 26 ga Afrilu, 1987

Taubashiya Safi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan zafi ya kai inda ya kai, rijiya ta yi ƙasa, amma muna lafiya. Dija ta sauka, namiji, an sa masa Ibrah. Uwa da ɗa lafiya lau.

Bari in bi miki da bi. Da na karanta mata takardarki, sai ta ce in tafi. Kwana biyu ba ta taɓa hurar da aka kai mata ba. Rana ta uku da hantsi ina cikin aji, sai na ji hayaniya wajen rijiya. Na fita na tarar da ita zaune a kan bakin kwamin shayar da dabbobi, ta ɗaure idonta da kallabi, ta miƙa hannuwa, tana cewa, "Wadda ta fi kowa baki cikinku ta zo ta taɓa ni." Ba wadda ta motsa. Sai A'isa, Bafillatanar da ke kawo nono, ta ajiye ƙwaryarta ta karɓi audugar. Duk inda ta shafa, Gwaggo ta nuna. Da A'isa ta tsaya ba ta taɓa ba don ta gwada ta, Gwaggo ta ce, "Ke 'yar Fulani, ni za ki yi wa wayo? Ni na ciro ki ta ƙafa." Aka yi dariya, dariyar farko cikin wata huɗu. Daga nan tsofaffi uku suka shiga da ita ɗaki suka duba jikinta. Ranar Lahadi ta yarda muka je Filingue, majon can ya faɗi abin da kika faɗa.

Da yamma ta ɗauko tabarmarta ta shiga gida. Kailu ya durƙusa zai yi magana, ta ce, "Tashi. Ba don kaina na dawo ba."

Ba kowa ya yarda ba. Gida biyu har yanzu ba sa karɓar ruwa daga hannunta, kuma yaro guda bai dawo lakwal ba. Uwar Dija ma da ta iso ta tare ƙofa. Amma naƙudar ta yi tsawo, tun asuba har azahar, yaron ya zo a karkace, sai uwar Dija da kanta ta fito tana kiran Gwaggo. Dija ta ce mini Gwaggo ta juya shi kamar yadda ta saba. Sai dai da aka zo ɗaure cibiya, yatsun suka ƙi. Sau uku zaren yana kuɓuce mata. Ta miƙa wa uwar Dija ta ce, "Ɗaura, ni in riƙe." Daga baya ta gaya mini wannan ne na ƙarshe da za ta yi ita kaɗai, ta zaɓi mata biyu da za ta koya wa.

Bayan suna da kwana biyu ta aika aka kira liman. Ta ce tana so a je gonar yamma a yi wa uwarta addu'ar da ba a yi mata ba. Na ɗauka zai ce abin ya wuce. Amma sai ya ce ranar da aka rufe Iya Habsa yana saurayi, an kira shi ya kama makara, ya ɓuya a rumbun babansa har aka gama.

Jiya bayan la'asar muka tafi, mu kusan ashirin. Aduwar an sare ta tun shekarun yunwa, gonar kuma an nome ta sau arba'in, ba tudu, ba dutse. Gwaggo ta yi ta kai da kawowa tana auna nesa da idonta, daga baya ta tsaya ta ce ba ta gane wurin ba. Muka yi cirko-cirko. Sai liman ya cire takalmansa a bakin gonar ya ce, "To kowa ya cire nasa. Duk inda muka taka, mu ɗauka nan ne." Muka shiga ba takalmi, muka yi sahu a tsakiyar gona, Kailu yana riƙe da hannun uwarsa.

Ki sa Iya Habsa cikin addu'arki. Gwaggo tana gaishe ki, ta ce ki riƙa tsoma naki hannun a ruwan ɗumi.

Ɗan'uwanki,
Magagi